Shaidar Mai Ci: Muhimmancin Ra'ayin Jama'a Kan Wuraren Sayar da Abinci

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa baƙon da ya sauka a gari ranar kasuwa, kafin ya tambayi farashin buhun masara ko na ɗan maraƙi, yakan fara tambayar wanda ya tarar a tasha cewa, "Malam, don Allah ina ake samun abinci mai kyau a nan?" Amsar da aka ba shi ita ce za ta kai shi wata rumfa, ta kuma hana shi shiga wata. Da wannan amsa wata baiwar Allah mai sayar da tuwo take samun kuɗin makarantar 'ya'yanta, da ita kuma wata take komawa gida da kwantai. Haka nan da ita baƙon zai koma garinsu lafiya, ko kuwa ya kwana a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'armu mazauna karkara, tare da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, bayani kan nauyin da ke cikin maganar mai cin abinci. Za mu duba abin da ya kamata mutum ya lura da shi kafin ya yabi wuri ko ya kushe shi, da abin da harshe ba ya iya ganewa, da hanyar da doka ta tanada don kai ƙorafi, da kuma haƙƙin da mai sana'a yake da shi a kan masu cin abincinsa.

Su Wane Ne Ke Cin Abincin Saye?

Sayar da dafaffen abinci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin fatake akwai masu tuwo da masu fura a kowane zango, kuma mata da yawa sun daɗe suna riƙe gidajensu da ƙosai da waina da ɗanwake da alala. Abin da ya ƙaru a yau shi ne yawan masu dogaro da wannan abinci. Ɗan dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, da dillalin shanu a kasuwar Wudil ranar Juma'a, da wanda ya kai awakinsa Dambatta ranar Lahadi, da leburan da ke tsinkar tumatir a gonakin rani na Kura da Garun Malam, da direban da ya tsaya a Kwanar Dangora kan hanyarsa ta zuwa Zariya, da mai jinyar ɗan'uwansa a babban asibitin ƙaramar hukuma, duk cikinsu babu wanda zai koma gida don cin abincin rana. Abin da suka samu a rumfa shi za su ci.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma a kowace akwai kasuwanni da tashoshin mota da makarantu da mahaɗar hanyoyi inda ake ɗora tukunya. Jami'an duba-gari, kome ƙwazonsu, ba za su iya tsayawa a kan kowace tukunya ba. Mai ci kuwa yana wurin safe da rana da dare. Shi yake ganin ruwan da ake ɗauraye kwanuka da shi, shi yake sanin ranar da aka rage malmala, shi kuma cikinsa yake ba da labari bayan an tashi. Saboda haka muna ɗaukar shaidarsa a matsayin dubawa mafi yalwa kuma mafi araha da kowane gari yake da ita, matuƙar an yi ta da sani da kuma adalci.

Dalilin da Ya Sa Batun Ya Wuce Na Daɗin Baki

A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, kimanin mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara sanadiyyar cin gurɓataccen abinci, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane goma a duniya, kuma kimanin 420,000 daga cikinsu suna rasuwa. A cikin waɗanda suke rasuwa, kimanin 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace ɗaukar nauyin wannan masifa idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Mu ma a nan gida mun ga abin da idonmu. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kuma hallaka fiye da 3,000, inda jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wannan cuta ta ruwan sha da abinci take bi. Don haka idan mutum ya ce wa maƙwabcinsa, "Je ka wurin wance, abincinta ba shi da na biyu," ya kamata ya san cewa lafiyar maƙwabcin nan da ta iyalinsa ya ɗora a kan kalmarsa.

Abubuwa Huɗu da Ya Kamata Mai Ci Ya Duba

Na farko: Tsabtar wuri da ta ruwa

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin a zuba wa mutum abinci, yana da damar ya waiga ya dubi bayan rumfa, domin a nan gaskiyar wuri take. Mene ne tushen ruwan da ake girki da shi, rijiyar burtsatse ce, ko rijiya mai murfi, ko kuwa kududdufi? A cikin robar ruwa guda ake tsoma kwanukan da mutum hamsin suka ci abinci tun safe, ko ana wankewa da sabulu sannan a ɗauraye da wani ruwa dabam? Randar ruwan sha a rufe take, kuma moɗar da ake ɗiba da ita daban take da kofin da ake kai wa baki?

Wanke hannu ma abin lura ne. Kwano ɗaya da kowa yake tsoma hannu a ciki yana raba wa mutane dattin junansu ne kawai. Abin da ya dace shi ne buta da sabulu, a zuba wa mutum ruwa yana gudana a hannunsa. Haka kuma a duba ko hannun da yake karɓar kuɗi shi ne yake yanka nama ko ya ɗebo salak, a duba nisan rumfa da kwata da juji da ban-ɗaki, a kuma duba ko abinci a rufe yake daga ƙuda da ƙura, musamman a bakin titi da lokacin hunturu.

Na biyu: Zafin abinci da tsawon zamansa

Wannan shi ne abin da jama'a suka fi sakaci da shi, alhali ya fi komai saurin kwantar da mutum. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ɗuminsa yake tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, wato abincin da ya huce amma bai shiga firji ba. A irin wannan yanayi wasu ƙwayoyin suna ninka yawansu cikin kowane minti ashirin, ta yadda ƙwaya ɗaya tak za ta iya zama fiye da miliyan biyu cikin awa bakwai. Idan muka tuna cewa a watannin Maris da Afrilu zafin garuruwanmu yakan kai digiri 40, za mu gane halin da shinkafar da aka sauke da hantsi take ciki idan aka sayar da ita bayan la'asar ba tare da an mai da ita wuta ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, kuma idan za a yi ɗumame a tabbata ya yi zafi har cikinsa, miya kuma ta tafasa sosai. Shinkafa tana da wata matsala ta musamman, domin akwai ƙwayar cutar da take tsira daga dafuwar farko, idan shinkafar ta daɗe a ajiye sai ta zuba mata dafin da ɗumame ba ya kashewa. Saboda haka wurin da ake girki kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a yini, ya fi wurin da ake cika babbar tukunya da asuba a yi ta sayarwa har dare. Tsire da balangu ma haka ne: a nemi wanda aka sauke daga wuta yanzu, wanda ya gasu har ciki, a kuma ƙi karɓar naman da aka naɗe a takardar buhun siminti. Nonon da za a dama fura da shi ya kamata ya kasance an tafasa madararsa tun farko, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtukan da ke kama mutane.

Na uku: Karɓar baƙo

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai abincin da ta ce, "Sannu da zuwa, Baba, ga wuri zauna, me za a kawo maka?" ta riga ta sayi rabin zuciyar mai saye. Amma karɓar baƙo ba ta tsaya a fara'a ba. A cikinta akwai bin layi, ta yadda ba za a tsallake ɗan dako a fara zuba wa mai babbar riga ba. Akwai girmama tsoho da mace da yaron da aka aiko, wanda sau da yawa shi ake bai wa ƙanzo da ragowar miya don an san ba zai yi magana ba. Akwai ba da canji cikakke ba tare da an ce a dawo anjima ba. Akwai kuma yadda ake karɓar kuskure: idan an samu tsakuwa a wake ko gashi a miya, ana ba da haƙuri a canza, ko kuwa ana hayayyaƙo wa mutum a gaban jama'a? Wurin da ake iya gaya wa mai shi gaskiya ba tare da rigima ba, shi ne wurin da yake gyaruwa.

Na huɗu: Awo da farashi

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kayan abinci ya yi tashin da jama'a ba su saba gani ba, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar 2024. Wannan ya matse mai saye, ya kuma matse mai sayarwa, wadda take sayen shinkafa da mai da itace da ruwan 'yan garuwa a kasuwa ɗaya da kowa. Ƙarin kuɗi a irin wannan hali ba laifi ba ne. Abin da ba shi da kyau shi ne ɓoyewa: a bar farashi yadda yake a rage malmala a asirce, ko a tsinka miya da ruwa, ko a faɗa wa ɗan gari kuɗi dabam a faɗa wa baƙo dabam, ko a bari sai mutum ya cinye sannan a yanka masa farashi.

Haka kuma ya kamata mai ci ya san cewa araha ba ta ado. Mu ɗauki misali da leburan da ya bar farantin naira dubu ɗaya a wuri mai tsabta ya tafi inda ake sayarwa naira ɗari takwas. Ya rage naira ɗari biyu. Idan abincin ya ɓata masa ciki ya kwanta kwana uku, ya yi asarar ladan aikin kwana uku, ga kuɗin magani, ga kuɗin mashin zuwa asibiti. Don haka idan za a auna darajar abinci, a haɗa da ƙoshin da ya yi wa mutum, da tsawon lokacin da ya riƙe shi a bakin aiki, da lafiyar da ya tashi da ita washegari.

Abin da Harshe Ba Ya Ganewa

Duk da muhimmancin shaidar mai ci, tana da iyaka, kuma wajibi ne mu faɗi wannan a fili. Yawancin ƙwayoyin cutar da suke kwantar da mutane ba sa canza ɗanɗanon abinci ko ƙanshinsa ko kalarsa. Abinci yana iya yin daɗi ƙwarai alhali yana ɗauke da cuta. Haka ma sinadarai masu guba.

Ba mu manta da abin da ya faru a wannan jiha a watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane daga ƙananan hukumomi da dama a asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya, bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar a kasuwa da sunan ɗan tsami. Binciken hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ya nuna cewa garin nan sinadari ne da bai kamata ya shiga bakin ɗan'adam ba. Waɗanda suka sha ba su ji wani abin da zai tsayar da su ba, kuma mai yiwuwa ne da yawa daga cikin masu haɗa lemon ba su san abin da suka sayo ba.

Akwai wasu misalan. Hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet a burodi tun farkon shekarun 2000, domin yana cutar da ƙoda, ko da yake yana sa burodi ya kumbura ya yi kyan gani. Ta sha yin gargaɗi kan zuba maganin ƙwari irin su Sniper a wake don hana shi ƙwari, wanda irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015. Ta yi gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da kabayid na masu walda, da rina manja don ya ƙara ja, da jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai ci zai gane da harshensa. Abin da zai iya yi shi ne ya yi tambaya cikin ladabi: "Hajiya, a ina kike sayen wakenki? Naman nan daga mayankar gari yake?" Mai gaskiya ba ta jin haushin irin wannan tambaya. Sauran aikin kuma na jami'an lafiya ne da masu ɗakin gwaji.

Adalci ga Mai Sana'a

Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Da yawa daga cikin masu sayar da abinci a garuruwanmu mata ne da mazajensu suka rasu, ko waɗanda tukunyar nan ita ce kaɗai jarinsu. Kalma ɗaya a majalisa ko a wurin mai shayi, ko saƙon murya da aka tura ta waya ya zagaye gari kafin magariba, ya isa ya rufe rumfar da aka yi shekara ashirin ana ginawa. Saboda haka muna jawo hankalin jama'a ga wani kuskure da aka saba yi, wato ɗora laifi a kan abincin da mutum ya ci na ƙarshe.

Cututtukan abinci ba su da lokaci ɗaya na bayyana. Akwai dafin da yake sa amai cikin awa ɗaya zuwa shida bayan cin abinci. Akwai ƙwayar cutar da take ɗaukar awa shida har zuwa kwana shida kafin ta nuna kanta. Amai da gudawa na kwalara yana iya bayyana daga 'yan awoyi har zuwa kwana biyar. Zazzaɓin taifot kuwa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Ke nan wanda cikinsa ya ɓaci ranar kasuwa da daddare, mai yiwuwa ne ruwan da ya sha a gona shekaranjiya ne sanadi, mai tuwon kasuwa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce a samu mutane da yawa, daga gidaje dabam-dabam, waɗanda abin da ya haɗa su kawai shi ne sun ci abu ɗaya a wuri ɗaya a rana ɗaya. Idan aka ga haka, sai a hanzarta sanar da asibiti mafi kusa.

Don shaida ta zama mai amfani, muna ba da shawarar a kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. Mutum ya faɗi abin da ya gani da idonsa ko ya ci da bakinsa, ya bar abin da aka ce an ce.

2. Ya bambanta abin da bai yi wa bakinsa daɗi ba da abin da yake cutarwa. Yawan yaji ko ƙarancin daddawa ra'ayi ne, ruwan kududdufi kuwa haɗari ne.

3. Kada ya yanke hukunci da zuwa ɗaya, sai dai idan abin da ya gani barazana ce ga lafiya.

4. Ya fara gaya wa mai abincin a keɓe, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

5. Kada gaba ko kishin sana'a ko bambancin siyasa ko na ƙabila su shiga maganar. Wanda ƙanwarsa take da rumfa a gefe ba shi ne zai ba da shaida a kan maƙwabciyarta ba.

6. Idan an gyara, ya koma ya faɗa wa waɗanda ya gaya wa aibin cewa an gyara.

Yabo ma yana da nasa haƙƙin. Idan mai abinci ta sayi buta da sabulu, ta rufe tukwanenta, ta ƙi sayar da kwantai ko da za ta yi asara, ya kamata a faɗa a gaban jama'a, a kuma kai mata baƙi. Ranar da masu sana'a suka ga cewa tsabta tana kawo ciniki, ba sai an bi su da tara ba.

Abin da Doka Ta Tanada

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai sa ido da tsara harkokin gidajen cin abinci da gidajen burodi da sauran wuraren da ake sayar wa jama'a abinci, tare da kafawa da kula da mayanka da kasuwanni da tashoshin mota da ban-ɗakunan jama'a. Ke nan wannan nauyi ne da tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kai tsaye, kuma jami'an duba-gari su ne idonta a wannan aiki.

Bugu da ƙari, dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tabbatar wa mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci marasa cutarwa, da haƙƙin sanin farashi a bayyane kafin ya saya. A matakin jiha akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano. Ita kuwa NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce mai kula da abincin da aka sarrafa aka ƙunshe, kamar ruwan leda da burodi da garin lemo da kayan ɗanɗano.

Matakan kai ƙorafi, daga ƙasa zuwa sama, su ne: mai abincin kansa, sannan shugaban masu sana'ar, ko Sarkin Kasuwa, ko Sarkin Fawa idan batun nama ne, sannan mai unguwa ko dagaci, sannan ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma. Idan kuwa batun kayan da aka ƙunshe ne, a adana ledar ko kwalin ko ragowar garin, domin da shi za a bi sawun inda ya fito. Wanda amai da gudawa ya kama kada ya jira a gama bincike. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, wato lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko kuma ƙunshin da ake samu a asibiti, sannan a garzaya da shi wurin ma'aikatan lafiya.

Kira ga Shugabanni da Ma'aikata

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da kansiloli su ɗauki ƙorafin mai ci da muhimmanci ko da talaka ne ya kawo shi. Idan mutum ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, mu huɗu muka ci a wuri kaza, uku suna kwance," wannan labari ne da ya kamata ya isa asibiti da ofishin duba-gari a ranar, ba sai an jira zaman majalisa ba. A rubuta rana da wuri da abin da aka ci da yawan waɗanda suka kamu. A kuma saurari ɓangare biyu kafin a ɗauki mataki.

Ga jami'an duba-gari, muna tunatarwa cewa dubawar da take da amfani ita ce wadda ake yi a lokacin da ake girki da lokacin da ake cin abinci, a bayan rumfa da gabanta, kuma manufarta gyara ce. A fara da koyarwa da gargaɗi da ba da wa'adi, a bar rufe wuri ga wanda ya ƙi ji ko wanda haɗarinsa ya bayyana. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit. Jami'in da ya ci abinci kyauta a rumfa ya riga ya ɗaure bakinsa game da ita.

Har ila yau, akwai abin da mai tuwo ba za ta iya yi ita kaɗai ba. Ba ita za ta haƙa rijiyar burtsatse a kasuwa ba, ba ita za ta gina ban-ɗaki ko ta yashe kwata ko ta kwashe juji ba. Idan ƙorafin jama'a ya yi ta maimaituwa a kan dukkan rumfunan kasuwa guda, to matsalar ta kasuwar ce, kuma gyaranta yana wuyan ƙaramar hukumar da take karɓar harajin wannan kasuwa. Ranar 15 ga Maris, wadda ita ce ranar haƙƙin mai saye ta duniya, da ranar 7 ga Yuni, ranar ingancin abinci ta duniya da aka fara kiyayewa a 2019, lokuta ne da suka dace a tara masu abinci da mahauta da masu shayi da masu cin abincinsu a zauren dagaci a tattauna.

Kammalawa

Ga 'yan'uwanmu masu sana'ar abinci, muna cewa mai sayen da ya tsaya ya gaya muku aibin abincinku ya fi muku wanda ya yi shiru ya daina zuwa. Ku saurare shi, ku bayyana farashinku, ku sayi kayan haɗi a wurin da kuka sani, ku dafa gwargwadon abin da za ku sayar.

Ga jama'a kuma, idan baƙo ya tare ku a tasha ya tambaye ku inda zai ci abinci, ku tuna cewa amana ce ya ba ku. Ku nuna masa wurin da kuka ga ruwansa, kuka san zafin tukunyarsa, kuka gamsu da awonsa, wurin da za ku iya aika ɗanku ya sayo muku. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.